5.56, 7.62 da .300: Mene Ne Gaskiyar Lambobin Harsashin da Muke Tsinta a PUBG?

Duk wanda ya taɓa buga PUBG Mobile ya haddace lambobin nan ko da bai yi niyya ba. Da zarar ka dira daga jirgi, ka tsinci M416 sai ka nemi 5.56, ka tsinci AKM ko Kar98k sai ka nemi 7.62, idan kuma rabo ya kai ka ga akwatin da jirgi ke sakowa ka samu AWM da harsashinta na .300, to ranar sai ka ji kamar ka gama da kowa. A majalisun matasa, daga tashar Gaya har wuraren cajin waya na Ajingi, musun bai ƙarewa: wanne ya fi ƙarfi, wanne ya fi nisa, wanne ya fi dacewa da farauta?

Waɗannan lambobi ba masu gem ne suka ƙirƙire su ba. Sunayen harsasai ne na gaske, kuma a bayan kowace lamba akwai lissafi, akwai tarihin kwamfuta, har ma akwai dokar Najeriya da ta ambaci wasu daga cikinsu da suna. A wannan maƙala za mu kwatanta su ɗaya bayan ɗaya, mu ga abin da gem ya faɗa daidai da abin da ya ɓoye mana.

Me ake nufi da kaliba?

Kaliba ita ce faɗin ramin bututun bindiga, wato kaurin harsashin da zai bi ta ciki. Ana rubuta ta iri biyu. Turai da sojoji suna amfani da milimita, shi ya sa kake ganin 5.56 ko 7.62. Amurka da Ingila kuma sun saba da inci, shi ya sa kake ganin .308 ko .300 ko .338, da ɗigo a gaba, domin duka ba su kai inci ɗaya ba.

Amma kauri kaɗai bai isa ya zama suna ba. Cikakken sunan yana zuwa da lamba ta biyu, misali 7.62x39. Wannan 39 ɗin tsawon kwanso ne a milimita, wato gwangwanin tagullar da ke riƙe albarushi. Ka ɗauke shi kamar batirin waya: wayoyi biyu za su iya zama da girman fuska ɗaya, amma ɗaya batirinta 3,000 ne, ɗaya 6,000. Dogon kwanso yana ɗaukar albarushi mai yawa, albarushi mai yawa kuma yana tura harsashi da gudu.

A nan ne gem ya fara yi mana dabara. A PUBG, akwatin 7.62 ɗaya ne ke ciyar da AKM da M24 da DP-28 da Kar98k. A zahiri harsasai huɗu ne daban da ba sa shiga bindigar juna. AKM tana cin 7.62x39. M24 tana cin 7.62x51. DP-28 tana cin 7.62x54R, tsohon harsashin Rasha na 1891. Ita kuwa Kar98k ta Jamus ba ma 7.62 ba ce, 7.92x57 take ci. Masu gem sun haɗe su ne don kada jakarka ta cika da tarkace, ba don haka abin yake ba.

Abubuwa huɗu da ake dubawa

Masu gasar harbin nesa ba sa tambayar wanne ya fi girma. Abubuwa huɗu suke aunawa.

Na farko shi ne ƙarfin bugu. Lissafinsa na aji huɗu ne a sakandare: rabin nauyi sau gudu sau gudu. Tunda gudu yana shiga sau biyu, idan ka ninka gudu, ƙarfi ya ninku sau huɗu. Wannan ne ya sa ɗan ƙaramin 5.56 mai giram 4 yake kusan kamo 7.62x39 mai giram 8.

Na biyu shi ne yadda harsashi ke ratsa iska. Ana ba kowane harsashi maki a kan wannan, ana taƙaita shi da BC. Dogon harsashi siriri mai tsini yana riƙe gudunsa, gajere mai kauri kuma iska tana cinye shi da wuri. Ka tuna bambancin jefa kibiya da jefa dunƙulen ƙasa.

Na uku shi ne naushin baya, wato yadda gindin bindiga ke tokarin kafaɗa. A gem, wannan ɗan rawar fuska ce kawai da kake gyarawa da babban yatsa. A zahiri, bindiga mai naushi tana koya wa mutum runtse ido da ɗage kafaɗa tun kafin ya ja kunama, kuma wannan kaɗai ya isa ya ɓata saiti.

Na huɗu shi ne kuɗi da rayuwar bututu. Duk harbi yana ƙona cikin bututu kaɗan. Harsashi mai albarushi da yawa yana cinye shi da wuri, kamar yadda gem mai nauyi ke cinye batir.

Mu jera su

Lambobin da ke ƙasa kusan-kusan ne, domin suna ɗan canzawa gwargwadon kamfani da tsawon bututu.

.22 LR. Tun 1887 ake yin sa. Nauyinsa giram 2.6, ƙarfinsa bai wuce jul 150 zuwa 200 ba. Da shi ake gasar mita 50 a wasannin Olamfik, kuma da shi ake koyon harbi a ƙasashen da aka yarda da hakan, saboda arha da rashin naushi.

5.56x45. Na M16 da danginta. Ƙungiyar NATO ta amince da shi a 1980. Giram 4, gudun kusan mita 930 a daƙiƙa, jul kusan 1,700. Yana tafiya a miƙe a ɗan tsakaitaccen nisa, ba shi da naushi sosai, amma da yake ba shi da nauyi iska tana wasa da shi idan tafiya ta yi tsawo.

7.62x39. Tarayyar Sobiyet ta fito da shi a 1943, kuma shi ne abincin AK-47 da SKS. Giram 8, gudun kusan mita 715, jul kusan 2,000. Duk sunan da AK ta yi, wannan ba harsashin nesa ba ne. Bayan mita 300 yana sunkuyawa ƙasa da sauri, shi ya sa ba ka ganin sa a gasar nesa.

.308 Winchester. Ya shigo kasuwa a 1952, ɗan uwansa na soja 7.62x51 kuma NATO ta karɓe shi a 1954. Shi ne na bindigogin FAL da G3 da sojojin Najeriya suka daɗe suna riƙewa. Giram 10 zuwa 11, gudun kusan mita 800, jul kusan 3,500. Shi ne ma'aunin da ake gwada saura da shi. Masu gasa kan ƙiyasta bututunsa na kai harbi 5,000 ko fiye kafin ya fara rasa saiti.

6.5 Creedmoor. Kamfanin Hornady na Amurka ya fito da shi a 2007 musamman don gasa. Giram 9, gudun kusan mita 820, jul kusan 3,000. A bakin bindiga .308 ya fi shi ƙarfi. Amma da yake dogo ne siriri, yana riƙe gudunsa, har ya zo ya wuce .308 a can gaba. Naushinsa ma ya fi sauƙi. Kuɗin da ake biya shi ne bututu, wanda ke gajiya tun a harbi 2,000 zuwa 3,000.

.300 Winchester Magnum. Na 1963. Shi ne .300 ɗin AWM da kake gani a gem. Kaurinsa ɗaya da .308, kwansonsa ne ya fi tsawo. Kusan giram 12, gudun mita 900, jul kusan 4,700. Naushinsa ya kusa ninka na 6.5 Creedmoor.

.338 Lapua Magnum. An kammala shi a ƙarshen shekarun 1980 a kamfanin Lapua na ƙasar Finlan. Giram 16, gudun kusan mita 900, jul kusan 6,500. An yi shi ne don nisan da ya haura kilomita ɗaya. Bindigarsa nauyi, harsashinsa tsada, naushinsa kuma ba na wasa ba.

A mita 900, wa ya ci?

Shahararren nisan gasar nesa shi ne yadi 1,000, wato mita 914. Ana yin irin wannan gasa a filin Bisley na Ingila da wurare da yawa a Amurka, Ostareliya da Afirka ta Kudu. Abin bara takarda ce ko faifan ƙarfe.

Ga abin da ke faruwa a hanya. Daga lokacin da harsashi ya bar bututu, ƙasa ta fara jan sa, daidai yadda take jan mangwaron da ya tsinke daga reshe. Duk abin da ya yi daƙiƙa ɗaya yana faɗuwa zai sauka kusan mita 5, idan ya yi daƙiƙa ɗaya da rabi ya sauka kusan mita 11. Harsashin .308 yana ɗaukar fiye da daƙiƙa ɗaya da rabi kafin ya kai mita 914. Saboda haka mai harbi yana ɗaga saitinsa kusan mita 10 sama da abin bara, tsayin bene mai hawa uku ke nan. Mai 6.5 Creedmoor kuma kusan mita 8.

Saukar ba ita ce matsala ba, domin jan ƙasa ba ya canzawa, ana lissafa shi a gama. Iska ce abokiyar gaba. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa, wadda ba ta kai wasu ranakun hunturu ƙarfi ba, tana iya kautar da .308 fiye da mita 2 a wannan nisa, 6.5 Creedmoor kuma ƙasa da mita 2. Ga shi iskar da ke wurin mai harbi ba lallai ta zama ita ce a tsakiyar fili ba.

Akwai kuma katangar sauti. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Idan harsashi ya rage gudu ya kusanto wannan iyaka, yakan fara tangaɗi. Shi .308 yana isa wannan hali a wajen mita 900 zuwa 1,000, 6.5 Creedmoor yana ƙara 'yan ɗaruruwan mitoci, .338 kuma ya wuce su duka.

Don haka a gasar takarda, 6.5 Creedmoor, wanda lambarsa ta fi ta .308 da .300 ƙanƙanta, shi ne mutane da yawa suka koma wa. Takarda ba ta buƙatar jul 6,500, rami kawai take buƙata a wurin da ya dace.

Lissafin da ya haifi kwamfuta

Wannan ɓangare ne ya kamata ya burge duk mai sha'awar rubuta manhaja. Babu wata gajeriyar dabara da za ka zuba lambobi ta ba ka inda harsashi zai faɗa, domin jan iska yana canzawa da gudu, gudu kuma yana canzawa da jan iska. Hanyar ita ce a yanka tafiyar gunduwa-gunduwa. Ka ɗauki kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, ka lissafa yadda iska ta rage gudu, yadda ƙasa ta ja, ka matsar da harsashin, sannan ka maimaita. Duk wanda ya iya rubuta madauki a Python ko JavaScript zai iya gwada wannan a layuka kaɗan, kuma irin sa ne injin gem yake yi duk lokacin da ka harba Kar98k ka ga harsashin ya sunkuya.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu da hannu ake wannan aiki. Sojojin Amurka suna buƙatar jadawalin harba igwa, kuma lissafin hanyar harsashi guda ɗaya yakan ci wa ƙwararren ma'aikaci kusan awa 20. Wannan matsi ne ya sa aka gina ENIAC a Jami'ar Pennsylvania, aka nuna ta ga jama'a a watan Fabrairun 1946. Nauyinta kusan tan 30, kuma tana gama wancan lissafi cikin daƙiƙa 30. Mata shida ne suka fara tsara mata aiki. Wayar da ke hannunka, ko ta dubu hamsin ce, ta fi ta sauri nesa ba kusa ba.

Yau masu gasa suna amfani da manhajoji irin su Applied Ballistics da Hornady 4DOF. Ana haɗa su ta Bluetooth da ƙaramar na'urar auna iska irin Kestrel, da kuma na'urar auna nisa mai hasken leza, wadda ke aika haske ta ƙirga lokacin dawowarsa. Zuwa mita 1,000 da dawowa bai kai kashi bakwai cikin miliyan na daƙiƙa ba. Manhajar tana tambayar zafi da tudun wuri, saboda iska mai zafi ta fi sakayau. Saukar harsashi ɗaya takan ragu a zafin bazara na digiri 40, idan aka kwatanta da sanyin asubar hunturu.

To, farauta fa?

A farauta tambayar ta canza. Ba a neman wanda ya fi nisa, ana neman wanda zai kashe dabba nan take ba tare da azabtar da ita ba, kuma bai lalata nama ba. Ƙa'idar ita ce a daidaita harsashi da girman dabba. A ƙasashen da ake farautar barewa da gada da lasisi, .308 da 6.5 sun wadatar, kuma yawancin harbin bai wuce mita 200 zuwa 300 ba. Ga manyan dabbobi masu haɗari irin su ɓauna, ƙasashe da dama na kudanci da gabashin Afirka sun sa .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, ya zama mafi ƙanƙantar abin da aka yarda da shi. Shi ma a kusa ake harba shi. Mafarautan kirki suna ƙyamar harbin dabba daga nesa mai yawa, domin a cikin daƙiƙar da harsashi ke tafiya dabba tana iya taku ɗaya, sai a raunata ta ta gudu ta mutu a wahala.

Yanzu mu dawo gida. Me ake farauta a dazuzzukan Ajingi da Gaya idan an kawar da amfanin gona? Zomo, zabon daji, fakara, kurege, gafiya, damo. Mafarautanmu suna fita da karnuka, gora, barandami, wasu da bindigar toka. Ga zabo mai kilo ɗaya da rabi, .338 linzami ne da ya fi ƙarfin bakin kaza: babu abin da zai rage a kai gida.

Bindigar toka, wadda ake ɗurawa ta baki, ba ta da murɗaɗɗen zanen nan na cikin bututu da ke sa harsashi juyawa kamar katantanwa. Shi ya sa ba ta da saitin nesa. Turawa suna kiran ta da sunan mutanen Denmak, waɗanda suka yi cinikinta a gaɓar Gana ƙarnuka da suka wuce. Ita da bindigar tsuntsaye mai watsa ƙananan ƙwayoyin darma duka na kusa ne, kamar mita 30 zuwa 40. Wannan gajartar ba aibi ba ce a wurinmu. Ita ce ta tilasta wa mafarauci sanin sawu, bin iska da iya sanɗa, kuma ita ce ta sa abin da ya kuskure yake faɗuwa kusa.

Abin da gem ba ya nunawa

A PUBG harsashin da ya kuskure ya ɓace ke nan. A zahiri yana ci gaba da tafiya har sai wani abu ya tare shi. Idan aka ɗaga baki sama, ɗan .22 yana wuce kilomita ɗaya da rabi. 5.56 yana kai kilomita 3. Shi kuwa 7.62x51 yana kusan kilomita 4.

Ka auna wannan da ƙasarmu. Daga Ajingi ka nufi Toranke ko Balare ko Gafasa, fili ne shimfiɗaɗɗe, babu duwatsun da za su tare komai. Da rani an yanke karan dawa da gero, ido yana gani har inda ya gaji. A cikin da'irar kilomita 3 akwai ƙauye, akwai ruga, akwai yara masu kiwo, akwai mata masu itace. Shi ya sa ƙa'idar farko a duk filin gasa ita ce tudun ƙasa a bayan abin bara, kuma mai harbi ya san abin da ke bayan abin da yake nema.

Haka harbin sama na murna a biki ko bayan zaɓe. Gwaje-gwajen sojojin Amurka sun nuna harsashi mai kaurin .30 da aka harba sama yana dawowa da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa, wanda ya isa ya huda fata. Idan kuma a karkace aka harba shi, yana saukowa da gudun da ya fi haka.

Doka ta kira su da suna

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ta raba bindigogi gida uku. Kashi na farko haramtattu ne, sai da izinin Shugaban Ƙasa, kuma a ciki ta lissafa bindigogin soja masu kaliba 7.62, 9, .300 da .303, tare da fistol da masu sarrafa kansu. Wato akwatunan da ka fi so a gem suna cikin jerin da doka ta ambata, kuma hukuncin mallakarsu ba izini yana farawa daga ɗaurin shekara goma. Kashi na biyu su ne irin bindigar tsuntsaye da ta iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto-Janar na 'yan sanda. Kashi na uku su ne masu ɗuri ta baki irin bindigar toka, waɗanda ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisi. Ga kuma wurare irin dajin Falgore da Yankari da aka keɓe don kare namun daji.

Rashin sanin waɗannan bambance-bambance yana da tsada. A watan Maris na 2025, an kashe matafiya 16 a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da ke kan hanyar dawowa Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin farauta na gida a motarsu aka yi musu kallon masu garkuwa da mutane. A irin wannan yanayi, matashin da ke ɗora hotonsa da bindigar aro a TikTok ko Facebook don neman mabiya yana wasa da wuta ne.

A taƙaice

Idan musun ya sake tashi a majalisa, ga amsa. Don huda takarda a mita 900, 6.5 Creedmoor ya fi sauƙin sarrafawa, .308 ya fi juriya da arha. Don wuce kilomita ɗaya, .300 da .338 ne, tare da naushinsu da tsadarsu. 7.62 na AK ba na nesa ba ne ko kaɗan. Don zomo da zabon dajin Ajingi kuwa, babu ko ɗaya a cikinsu da ya dace, kuma doka ba ta ba ka su ba.

Abin da ya rage mana a nan shi ne lissafin, kuma shi ba ya buƙatar lasisi. Ka sauke manhajar rubuta Python a wayarka, ka sa nauyi giram 9 da gudun mita 820, ka rubuta madaukin da ke rage gudu yana jan harsashi ƙasa, sannan ka canza lambobin zuwa na .308 ka ga inda layukan biyu suka rabu. Aikin da ya buƙaci na'ura mai tan 30 a 1946, za ka gama shi kafin cajinka ya sauka kashi ɗaya.